Masarautar Malam Habu a Cikin Jakata

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. A sakatariya tambaya, a majalisarmu ta bakin tashar Ikara tambaya, har mai shayinmu sai da ya ajiye buta ya ce, "Malam Danlami, wai da gaske ne saboda wasan kwamfuta ka tsallaka boda?" Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba, har an fara cewa an kulle ni a Nijar. Ba a kulle ni ba. Ga yadda aka yi, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa wannan.

Sai na fara da Malam Habu, don ba don shi ba da ko Daura ban kai ba. Mutumin Likoro ne, yana koyarwa a wata sakandare a Makarfi, ya girme ni da 'yan shekaru, kuma shi ya koya mini wasan nan. Ga wanda bai sani ba, wasa ne na gina masarauta. Ana ba ka ɗan gari a kan taswira, ka yi noma, ka kafa kasuwa, ka tara dakaru, sauran sarakunan kuma kwamfuta ce ke juya su. Kana iya yaƙarsu, kana iya ƙulla amana da su. In ka fi ƙarfin wani sarki sai ya yi maka mubaya'a, ya ci gaba da mulkin ƙasarsa amma a ƙarƙashinka, yana aiko maka da gandu. In ka gama shirinka sai ka danna maɓalli ɗaya, shekara ta juya, ka ga abin da kowa ya ƙulla. Ni dai wasana iri ɗaya ne, in ga gari in afka masa. Malam Habu kuwa ya daɗe yana rainon masarauta guda, da sarakuna uku a ƙarƙashinsa, yana ba mu labarinsu kamar surukansa. Kuma irin wasan da ba a komawa baya ya zaɓa, abin da ya faru ya faru ke nan.

Bara hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya tashi, alhamdu lillahi, magana ta dawo, amma mutumin ya canza. Ba ya yarda a kama shi ya zauna. In ka miƙa hannu za ka gyara masa filo sai ya watsa maka harara. Abin da ya rage yana yi da marmari shi ne wasan, da hannun hagu, a hankali. To sai masarautar ita ma ta ɗauko rushewa. Sarakunan nan uku suka haɗa baki, suka aiko masa cewa da shekara ta juya sun ɓalle. Ya rufe kwamfutar, ya juya fuska bango, ya daina atisayen da likita ya ba shi.

Matarsa, Maman Sadiya, ita ta kira ni. Ta ce, "Baban Amira, ni ban san kan abin nan ba. Amma tun da ya rufe shi ya rufe bakinsa. In ana gyarawa, don Allah a gyara."

Na je na duba, na ga in na sa hannu sai dai in ƙarasa ta. A zaurenmu na waya na masu wasan akwai wani Mushe Lawali na Damagaram, wanda kowa ya yarda ba a taɓa ɓalle masa ba. Na kira shi, ya ce a kawo ya gani. Muka gwada tura masa ta waya, ta ƙi buɗuwa, don na Malam Habu tsohon yayi ne. Sai dai a ɗauki kwamfutar ɗungurungum. Na nemi izinin mai ita, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ka kai ta bola ma in ka so."

Na ɗauki hutu, na sa ta a jaka tsakanin riguna biyu, na shiga bas ɗin Kwanar Dangora ta Paki. Kwandasta ya so ya cusa jakar a but ƙarƙashin buhunan barkono, muka yi ta yi, na rungume abata a cinya. Wata dattijuwa da ke gefena ta daɗe tana kallon yadda nake tallafe ta duk lokacin da muka faɗa rami. Can ta ce, "Ɗan nan, ƙwai ne a ciki?" Na ce, "A'a Baba, masarauta ce." Ta ja mayafinta, ta matsa jikin taga.

A Ƙofar Ruwa a Kano na sami motar Daura, daga can kuma wata ta kai mu Kwangwalam. Ɓangarenmu na boda ba wani labari, an duba takardata an ce in wuce. A ɓangarensu ne abin ya faru. Wani jandarma matashi, tsaf da shi kamar yanzu aka goge shi, ya ga kwamfuta ya ce in kunna. Ni kuma tun da na duba ta a Makarfi ban kashe ba, murfin kawai na rufe. Ina ɗagawa sai ga taswira ta cika fuskar: iyakoki, tutoci, dakaru a jere, da jan kibau suna nuna inda za a kai hari. A bakin boda, a irin wannan zamani.

Ya dube ni, ya dubi taswira. Ya ce, "Wannan mene ne?"

Na ce wasa ne. Ya sunkuya ya fara yawo da yatsa a kai, kuma yatsan nan ya nufi babban maɓallin da ke juya shekara. Wallahi ban san lokacin da na cafke masa hannu ba. Mutanen motarmu suka ja baya, direba ya fara salati. Nan ne asalin labarin kulle ni da kuka ji.

Aka shiga da ni wurin babbansu, wani dattijo mai furfura a gefen kai. Ya ba ni kujera tukuna, abin da ban zata ba. Na kwashe komai na gaya masa, har da ciwon Malam Habu, na ce in aka danna wurin nan ƙasar mara lafiya ta tarwatse kuma ba ta dawowa. Ya jawo kwamfutar da yatsu biyu, ya karanta sunan babban birnin.

"Likoro. Ina ne Likoro?"

"Ranka ya daɗe, wani gari ne a Kudan, wajenmu. Masara suke nomawa da dawa."

"Kuma suna da jiragen ruwa haka?"

Na ce a gaskiya ko kwalekwale ba su da shi. Ya yi dariya har da dukan tebur, ya kira matashin ya nuna masa tekun da ya kewaye Likoro. Sannan ya rufe murfin da kansa a hankali, ya ce, "Allah ya ba mai ita lafiya. Amma kar ka ƙara kama hannun mai kaki." Na ce na tuba. Matashin ma da zan fita ya ce in gaida mara lafiya, kuma da gaske yake.

Daga nan hanya ta miƙe ta Matamai. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne igiya. In an zo shinge, 'yar igiya ce kawai a gicciye, direba ya tsaya cak, ba hon, ba zagi, ba mai bi ta gefen titi. Na tuna direbobinmu na hanyar Zariya, na ce da su ne da tuni igiyar ta zama ta ɗaurin kaya.

Na isa Damagaram rana tsaka, garin kamar an share shi. Shaguna a rufe, kowa ya shige inuwa. Mu a Ikara wannan lokacin ne kasuwa ke ci, su kuwa sun yi sulhu da rana, sun bar mata garin har la'asar. Wani ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓarsu, ya kai ni unguwar da aka kwatanta mini. Ina zaton zan ga matashi mai waya a kunne. Sai ga magidanci mai gemu fari-fari, da tabarau, malamin lissafi, shi ya sa suke ce masa Mushe, wato malamin boko a bakinsu. Na ambaci masauki, ya yi kamar bai ji ba, ya ɗauki jakata ya kai ɗakin zaurensa.

Ruwa a garin nan abu ne mai daraja. An kawo mini na wanka a ɗan bokiti, na dube shi na ce wannan ai na alwala ne. Na yi wankan, har ya ragu, na ji kunyar yadda muke ɓarnar ruwa a gida. Abinci kuwa ba a yi mini ƙwauro ba. Dambu da zogale, fura mai kauri da sai ka ci ta da ludayi, da safe kuma dogon burodin nan nasu mai tauri. Na gatsa shi da ƙarfin hali irin na baƙo, ya yanke mini dasashi, na ci gaba da murmushi ina cewa ya yi daɗi.

Da la'asar ya ce mu je fada. Na gyara hula, ina tsammanin gidan sarki za mu. Ashe haka suke kiran majalisa. Tabarmi ne a gindin dogon yaro, da ɗan murhun gawayi ana dafa shayi, da kwamfuta ɗaya a kan benci, mutane sun kewaye ta. A nan na ga abin da ya biya mini wahalar hanya.

Mu a Makarfi da Ikara kowa wasansa yake yi shi kaɗai, in mun haɗu sai alfahari, wane ya ƙone gari kaza. Su masarauta ɗaya suke da ita su duka. Akwai sarki, wanda ake canzawa lokaci-lokaci, akwai Galadima, akwai mai kula da kasuwanni, shi Mushe Lawali Waziri ne. Ba a juya shekara sai kowa ya faɗi bakinsa. Wasan nasu da Faransanci yake, ban gane ko kalma ba, sai Galadiman, wani tela mai suna Isa, ya zauna kusa da ni yana fassara mini.

Ana cikin haka saƙo ya fito. Isa ya raɗa mini cewa ɗaya daga cikin sarakunan da ke ƙarƙashinsu ne ya mutu, ɗansa ya hau. Sarkin fada ya ce, "To, sai a aika gaisuwa." Suka shiga shawarar abin da ya dace, wannan ya ce zinariya, wancan ya ce a haɗa da dawakai tunda marigayin ya daɗe tare da su. Ni kuwa dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Ta'aziyya za ku yi wa kwamfuta?"

Ba wanda ya taya ni. Mushe Lawali ya miƙo mini ɗan kofin shayi mai ɗaci, ya ce, "Bon, mun san inji ne, Malam. Amma mutum ya yi ta kawo maka gandu, ya mutu, ka yi shiru? Mu ba mu iya ba."

Isa ya ƙara da cewa haka suke yi da gandun ma. Duk wanda ya aiko, sai sun mayar masa da ɗan tukuici. Ya ce da farko ba dabara ba ce, kunya ce kawai, don ba a karɓar saƙo a sallami ɗan aike hannu wofi. Sai daga baya suka lura ashe wasan yana riƙe wannan, sarakunansu ba sa tawaye. Na zauna ina kallonsu, manyan mutane da iyali, suna gardama a kan ko sabon sarkin yaro ne da za a lallaɓa ko mai girman kai ne da za a ja wa kunne. Sun burge ni ƙwarai, kuma na ji haushin kaina da dariyar da na yi.

Washegari aka ajiye tasu aka buɗe ta Malam Habu. Na gargaɗe su a kan maɓallin nan har sai da Isa ya ce ya ji, ya kife kofi a gefen wurin don kowa ya kiyaye. Mushe Lawali ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Ya yaba tsarin kasuwannin, ya ce wanda ya gina wannan mai haƙuri ne. Sannan ya ce in nuna masa dakarun Likoro. Na nuna, 'yan tsiraru ne, duk sun jigata. Ya ce in nuna na sarakunan uku. Barikokinsu a cike maƙil, ko ƙwarzane babu.

"Wannan yaƙin na arewa da bai ƙare ba, wa ke yin shi?"

Na ce, "Shi."

"Shi kaɗai? Ba su ce za su kawo dakaru ba?"

Na tuna Malam Habu ya taɓa gaya mini sun yi tayi ba sau ɗaya ba, yana mayar musu cewa ya gode, ya isa. Na faɗa. Mushe Lawali ya cire tabarau ya dube ni.

"Mutumin nan, in ka kawo mishi ruwa yana amsa?"

Mutumin da bai taɓa ganin Malam Habu ba ya gan shi sarai a cikin taswira.

Ya ce ba ƙin sa suke yi ba. Shi yana ta zubar da jini, su suna ta ƙiba, har sun fi shi ƙarfi, kuma bai taɓa nuna yana bukatarsu ba, to zaman me suke yi a ƙarƙashinsa? Magani ɗaya ne. Kafin shekara ta juya, ya kira su ukun su shigo yaƙin arewa. Wanda ya amsa ba zai ɓalle ana tsakiyar yaƙi ba. In an ci garuruwa kuma ya raba musu. Ya ce ba tabbas, mai yiwuwa an makara.

Na ce, "To Mushe, bismilla, a yi."

Ya ce a'a. Na zaci wasa yake. Isa ya goyi bayana, ya ce baƙo ya taso tun daga Najeriya, a yi masa. Aka yi ta muhawara kamar yadda suke yi a kan tasu, daga ƙarshe sarkin fada ya yanke: ba sa taɓa masarautar da sarkinta ba ya wurin. Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce na sha rami, na kama hannun jandarma, na yanke dasashi, a ce in koma da ita yadda na zo da ita? Mushe Lawali ya bar ni na gama, sannan ya ce, "In na danna, ka kai mishi ƙasar da wani ya ceto. Kana ganin zai buɗe ta?" Na san ba zai buɗe ba.

Suka haɗa mini kilishi na kai wa mara lafiya, suka raka ni tasha su da yawa kamar wani babban mutum. A boda ban tarar da dattijon ba, matashin ne ya gane ni, ya ɗaga hannayensa sama yana dariya ya ce in wuce.

Ban biya gida ba, Makarfi na zarce, na isa bayan azahar. Malam Habu yana kwance yadda na bar shi. Na gaishe shi, na isar da gaisuwar mutanen da bai sani ba, har da ta jandarma. Na ba shi labarin ta'aziyyar, na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Sannan na faɗi abin da Mushe Lawali ya ce a yi, ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba.

Ya ce, "Ni zan roƙi waɗannan? Ni na ɗora su a kan kujerunsu."

Na ce, "Haka ne, Malam."

"Shi bai gyara ba?"

"Ya ce ba tasa ba ce."

Na fara tunanin tashi. Can ya ce, "Buɗe."

Na ɗora masa ita a kan filo a gefensa. Kiran sarakuna uku a lokaci guda sai an danne wani maɓalli da hannu ɗaya, a zaɓe su da ɗayan. Ya gwada da hagu kaɗai, ya miƙa ɗan yatsa nan, babban yatsa can, bai kai ba. Ya sake, kwamfutar ta zame daga filon. Na sa hannayena a baya na damƙe su, don na san in na miƙa ba a ce ba, an gama. Maman Sadiya tana bakin ƙofa da kwano a hannu, ita ma ba ta motsa ba. Ya gwada na uku, gumi ya feso masa a goshi. Ya tsaya yana huci, yana kallon hannunsa na dama da ke kwance a kan zane.

"Danlami."

"Na'am, Malam."

"Zo ka danne min wannan."

Na danne. Ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya aika, sannan ya juya shekarar da kansa. Muka zuba ido. Na farko ya amsa, dakarunsa suka taso. Na biyu ya amsa. Na uku ya aiko da doguwar magana, ya sauke tutar Likoro ya ɗaga tasa.

Malam Habu ya ce, "Dama na san ɗan banzan nan. Tun ubansa haka suke." Ya yunƙura zai ga iyakar arewa da kyau, kwanciyar ta hana shi. Ya dube ni, ya dubi matarsa.

"To me kuke jira? Ku kama ni in zauna, ba a yaƙi a kwance."

Maman Sadiya ta ajiye kwanon a ƙasa, tana share ido da bakin mayafi. Muka kama shi, ni ta dama, ita ta hagu.